Rigar Majema

Babana Nomau dillalin fata ne,
fatar jar akuya, wadda ƙaya ba ta karce ba.
Shekarar da gulbi ya ci gonar Kawu Tsahiru
wani ɗan Italiya ya sauka rumfarsa,
yana zufa kamar sabuwar randa.
Ya murza, ya sunsuna, ya ɗaga ga rana.
Wajen biya jikka biyu ta gaza,
sai ya tuɓe rigar jikinsa, ya ce jingina ce.
Har yau bai zo fansa ba.

Ruwan ƙasa ce, da ratsin fari a ƙirji.
Ta bakin tafinta ya ce:
ta ƙungiyar garinmu ce, majema suka kafa ta,
su goma sha bakwai, bayan tashi aiki,
hannu na wari, ciki na ƙugi,
igiyar shanya ce ragarsu,
ƙwallon farko da guntayen fata suka ɗinka.
Baba ya ninke ta ya ce,
to, ai danginmu ne.

Da ita na girma.
Ta kai mini gwiwa, ta dawo ƙugu,
ta zo ta matse ni a hammata.
A gidan kallo na Sabon Gari
kowa da gwanarsa mai kofuna kamar kwallar amarya,
ni kuwa tawa tana can ajin ƙasa
inda ko rediyo ba ya leƙawa.
Su ce, Ɗan Majema, yau a wace tasha kuke?
In ce, a tashar haƙuri.

Sauran labarin a wayar Yahuza na tsince shi,
kalma kalma, kamar kalar gyaɗa bayan roro.
Sau biyu ta mutu.
Na fari yaƙi ya kwashe samarin,
ciyawa ta cinye filin har layin tsakiya.
Na biyu bashi, alƙali ya garƙame ƙofa.
Masu burodi, direbobi, zawarawan majema
suka zagaya da hula gida gida
har suka fanso sunan.
Na ce, ashe suna fansa, tamu ce suka manta.

Daga nan sai hawa, irin na mai hawan giginya,
ƙirji na sulluɓe, ƙafa na neman tudu.
Aji na huɗu, na uku.
A zame, a tofa yawu a tafi, a koma.
Na biyu, shekara tara cur.
A ta bakwai muka kai Baba makwanci.

Daren hawa babban aji aka ɗauke wuta.
Mai gidan kallo ya ce ba ya ƙona mai
don mutum ɗaya da tsohuwar riga.
Na koma tsakar gida, na jingina wayar da turmi,
gilashinta a tsage, 'yan wasa kamar ƙwarƙwasa.
Inna Cima na ɓarar gyaɗa, wai ba ta kallo.
Saura minti biyu, wani dogo daga baya,
wanda duk shekara bai ci ko ɗaya ba,
ya sa goshi.

Ban yi ihu ba. Akuyoyi ne suka firgita
don na faɗa kan kwanon dusa.

Aka hasko 'yan kallo.
Can cikin taro ga wani tsoho
ba riga, furfura har ƙirji,
yana kuka baki buɗe kamar yaron yaye.
Na ce, Inna, zo ki ga mai bashin Baba.
Ta matso, ta ƙanƙance ido, ta daɗe.
Ta ce, wancan ya fi wannan hanci.
Ta koma kan tabarma, ta ja faifai.
Can ta ce, ko ma shi ne,
ka gaya masa an yafe.
Rigar dai ba ta komawa.